Lauyan da Inna Ta Daina Cin Abincinsa

Ina cikin aji a firamaren Faskari, alli a hannuna, aka ce ana sallama da ni. Direban Yaya Mamman na tarar a tsaye, idanunsa jawur. Ya ce, "Malama, sai haƙuri. Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a harabar kotu a Kaduna, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Na yi salati, na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa mini shi ne wa zai gaya wa Inna, mahaifiyarmu.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauye kusa da Ketare aka haife mu. Ya yi elementare a Ƙanƙara, ya karanta shari'a a Zariya, ya buɗe ofis a Kaduna daidai lokacin da kuɗin mai suka ɓarke. Waɗanda yake karewa ba ɓarayin akuya ba ne. Manyan ma'aikata ne da 'yan kwangila da ake tuhuma da cin dukiyar jama'a. Idan na tsokane shi na ce lauyan ɓarayi, sai ya yi dariya ya ce, "Ni ban ce bai ci ba, Binta. Cewa na yi a kawo hujja." Yakan kuma ce ranar da aka fara ɗaure mutum saboda jita-jita, da talaka za a fara. Ya yarda da wannan har zuciyarsa, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Sai aka yi shari'ar taki. An tuhumi wasu jami'ai da karkatar da takin zamanin manoman yankinmu, har can Sabuwa. Yaya ya tsaya musu, aka sallame su. A daminar nan dawar Inna ta yi rawaya tun ba ta kai gwiwa ba, haka ta maƙwabta. Da ya aiko mata da buhun shinkafa, ta sa aka mayar cikin mota. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dai ce, "Ku ce mashi na gode. Cikina ba shi ɗaukar wanga." Tun daga ranar ba ta ƙara cin abin da ya saya ba.

Wannan abu ya ci shi. Kowace damina sai ya zo ya tuɓe kwat, ya ɗauki fartanya ya shiga gonarta, mutum mai tumbi da hawan jini, yana nishi, mutane suna kallo. Hatsin da ya noma da hannunsa tana ci, shi ya sa. Zuwansa na ƙarshe muna zaune a gindin ɗorawa, tafukansa duk sun yi bororo, ya ce, "Binta, kina ganin Inna ta yafe mini?" Na tambaye ta a ranar. Ta ci gaba da kaɗin zarenta kamar ba ta ji ba. Haka ya koma Kaduna ba amsa.

Ranar jana'iza manyan mutane suka cika ƙauyenmu da motoci. Ɗaya daga cikinsu ya kawo bandir na farin yadi mai tsada. Inna ta leƙo ta ce a mayar masa. Ta shiga ɗaki ta fito da likkafanin da ta tanadar wa kanta, na audugar gonarta, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta aka saƙa mata. Ta miƙa wa liman ta ce, "Malam, a sa mani yarona cikin wanga. Ni na yahe mashi tun tuni. Ina jira ne ya bar aikin in hwaɗa mashi."

Har yau maganar nan ba ta bar kunnena ba. Da ya ji ta da ransa, da wataƙila ya samu barci.

Allah Ya jiƙan Yaya Mamman, Ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sassauta masa tsayuwa a ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah Ya raya 'ya'yansa, Ya ba matarsa dangana, Ya sanyaya zuciyar Inna. Amin.