Lea Direba da Allon Zamiya

Duk wanda ya saba hawa bas daga tashar feri, jirgin fito na Staten Island a birnin New York, ya bi Victory Boulevard zuwa sama, da wuya a ce bai taɓa ganin Lea Dauda ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta doshi hamsin, ba ta da yawan magana a bakin aiki in ban da gaisuwa. In ta zauna bayan sitiyari sai ka ce don ita aka ƙera kujerar. Haifaffiyar Wusasa ce, can gefen Zariya, 'yar wani malamin firamare mai jan waƙa a coci. Ta biyo mijinta Yunana zuwa Amurka tun 'yarsu Aminci na goye. Ta yi aikin kula da tsofaffi, ta tuƙa motar 'yan makaranta, daga baya ta samu tuƙin bas na birni, a nan ta kafe. Yunana kuwa yana ɗakin gwajin jini na wani asibiti, mutum ne mai sanyin hali, ba ya taka wuri sai ya duba shi da kyau.

Ita da dusar ƙanƙara ba su taɓa shiri ba. Wasu in ta fara sauka sai su fito da waya suna hoto. Lea kuwa tunaninta na kan sarƙar taya, da birki, da masu ƙananan motoci da ke faɗowa gaban bas a kan gangara kamar ba su son ransu. Shekara da shekaru haka take kallonta, abin da ke ɓata hanya ne kawai.

Maganar ta taso ne lokacin da Aminci ta zo hutun ƙarshen Nuwamba daga jami'arta ta Vermont. Ana cin tuwo da miyar kuka, ta ɗora waya a kan tebur tana nuna wa ubanta bidiyo. Ga ta nan a tsaye a kan wani allo mai tsawo, ƙafafunta biyu ɗaure a kai, tana gangarowa daga kan tsauni, farar ƙura na tashi a bayanta. Sinobod ake kiran abin. Aminci na jin Hausa tsaf, amma da Turanci take amsawa, sai in tana neman wani abu.

"Baba, ka zo a Fabrairu," ta ce da Hausarta mai tauri. "Zan koya maka."

Yunana ya yi dariya har ya ajiye cokali. "Ni da ƙashina na tsufa? Ina gaisuwa."

Suka ci gaba da raha, uba da 'ya. Lea ta jawo wayar, ta sake kunna bidiyon. Abin da ta gani ba baƙo ba ne a wurinta. Suna yara a Wusasa sukan fasa tsohuwar jarka, su hau gindin dutsen Kufena inda ya yi sulɓi, su zauna a kai su zamo ƙasa, kuma duk cikin sa'o'inta, har da maza, ita kaɗai ke yi a tsaye. Ta sha bulala a kan yagaggen siket ba sau ɗaya ba.

"Ni fa?" ta ce. "Ba a gayyace ni ba?"

Aminci ta dube ta, ta dubi ubanta. "Momi, kin tsani sino," ta ce, tana nufin dusar ƙanƙara.

"A kan titi na tsane shi. Ki sa sunana."

Yunana ya san muryar nan. Da ita ta ce masa za ta koyi tuƙin babbar mota, lokacin da kowa ke cewa ta tsaya a aikin jinya. Ya ƙara miya.

Kafin Aminci ta koma makaranta ta yi wa uwarta gwajin farko. Lea na tsaye a kicin tana wanke tukunya, yarinyar ta lallaɓo ta baya ta ingiza ta. Lea ta yi taga-taga, ƙafar hagu ta wuce gaba ta tare ta.

"Ke! Ni kike turawa?"

"Hagu ce!" Aminci ta yi tsalle tana tafi. Ta bayyana cewa ƙafar da ta fara fita ita ce za ta zauna a gaban allo, kuma ba a gane ta sai an ture mutum bai shirya ba. Lea ta girgiza mata soson wanki a fuska, amma ta riƙe maganar.

Daga nan ta ɗauki abin kamar yadda take ɗaukar kowane aiki. Ta nemi hutunta ya faɗo a Fabrairu, aka ba ta. Zaman sitiyari ya sa gwiwoyinta sun yi tsami, saboda haka ta daina bin doguwar hanya zuwa gida, ta koma bin matattakalar da ta haura tudun unguwarsu. Makon farko sai ta tsaya a tsakiya tana haki, ta kama ƙarfen gefe. Kafin Kirsimeti tana hawa da ledar cefane a kowane hannu. In ta kai bas ƙarshen layi aka ba ta ɗan hutu, sai ta sauko ta jingina baya da bango, ta durƙusa kamar mai zama a kan kujerar da babu, har cinyoyinta su ɗauki rawa.

A haka Fu'ad ya same ta wata rana. Shi ma direba ne, ɗan zangon Kumasi, mutum mai son dariya. Da ta gaya masa dalili sai ya dafe kai.

"Sista Lea, ni na gwada abin nan. Kwana ɗaya na yi, na dawo ina tafiya kamar agwagwa. Allon yana ƙarƙashin gadona har yanzu. In kina so ki ɗauka, ni na yafe shi."

Ta karɓa da godiya. Allon ya yi mata ɗan tsawo, amma ya isa koyon tsayuwa. Ta shimfiɗa shi a kan kafet a falo, ta koyi ɗaure ƙafa da kwancewa, ta koyi tashi daga zaune da shi a ƙafa, wanda ya fi komai ba ta wuya. Sai kuma faɗuwa. Aminci ta ce a waya kowane sabon shiga sai ya faɗi har ya gaji, abin da ake koya shi ne kada a tare ƙasa da tafin hannu. Lea ta zubo matasan kujera a ƙasa, ta dunƙule hannu a ƙirji, ta riƙa faɗawa gaba a kan damatsanta, ta faɗa baya tana sunkuyar da haɓa. Yunana na zaune da jarida, duk faɗuwa sai ya runtse ido.

"Maman Aminci, hannun nan da shi kike tuƙi," ya ce.

"Shi ya sa nake koya masa ɓuya, Baban Aminci."

Bayan 'yan kwanaki ta ga wani ƙunshi a kan gado. Kariyar wuyan hannu ce, irin mai ƙarfe a ciki, da wani gajeren wando mai soso a mazaunai. Bai ce shi ya saya ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai yi masa farfesun kayan ciki a ranar.

Kaya ba su ba ta wahala ba. Rigar ciki mai riƙe ɗumi tana da ita tun da daɗewa saboda aiki. Ta ƙetara zuwa Manhattan a feri ta sayi wando da jaket waɗanda ruwa ba ya ratsawa, da tabarau mai rufe rabin fuska. Allo da takalmi ta yanke shawarar haya a can, tunda za a ba ta daidai tsayinta. Hular kwano ce ta tsaya mata. Kitsonta ya taru a tsakiyar kai, duk wadda ta gwada sai ta zauna a sama tana lilo. Yarinyar shagon ta rasa yadda za ta faɗa mata, Lea ta taimake ta.

"Ba hular ce da laifi ba. Ajiye mini wannan, zan kawo kan da ya dace da ita."

Ta wuce wurin Ramatou, ƙawarta 'yar Maraɗi mai shagon kayan miya a Tompkinsville, wadda ke kitso a ɗan ɗakin baya tsakanin buhunan gari da jarkokin manja. Ramatou ta saurari bayanin, tsinken tsefe a hannu, baki buɗe.

"Mi ya kai ki, ma sœur, 'yar'uwata? Mu da muke roƙon Allah sanyi shi wuce, ke kina bin shi har gidansu?"

"Ki dai kwantar mini da shi, duk ya tafi baya."

"Bon. Amma in kika karye, kar ki ce Ramatou ba ta hwaɗi ba." Ta fara tsefewa tana mita, can kuma ta sassauta murya. "Ki ɗauko mini hoto. In nuna ma mutanen gida akwai mata a New York."

Hular ta zauna daram.

A Janairu aka yi dusa mai yawa ranar Asabar, Lea ba ta aiki. Ta saɓa allon Fu'ad, Yunana na biye da filas na shayi, suka nufi filin shaƙatawa na Clove Lakes inda iyaye ke kai 'ya'yansu zamiya. Ta zaɓi gangara mafi sauƙi, ta ɗaure ƙafa, ta miƙe. Allon ya tafi tun ba ta ce masa ya tafi ba. Ta zauna daɓas. Ta tashi, ya sake guduwa da ita, ta sake zama. Sai da ta sha faɗuwa har wandon soson ya biya kuɗinsa kafin jikinta ya gane abin da Aminci ke ta faɗa: a lanƙwasa gwiwa, a kalli inda ake son zuwa, a daina kallon ƙafa. Ta ɗaga yatsun ƙafa, ta danna dugadugai, gefen allon ya ciji ƙanƙara, ta tsaya cak a tsaye. Wata tsohuwa mai kare ta tafa mata. Lea ta ɗaga mata hannu, abin da ya sa ta sake faɗuwa, tana kwance tana dariya, sanyi na shiga wuyanta.

Saura mako guda tafiya Aminci ta kira tana kuka. Ta zame a bakin ɗakin karatu, idon sawunta ya gurɗe, an ce ta yi makonni ba ta taka shi da ƙarfi ba. Lea ta tambayi abin da likita ya ce, ta tabbatar ba karaya, ta lallashe ta har ta yi shiru.

"Yi haƙuri, Momi. Sai baɗi ke nan."

Yunana, da ke jin komai, ya sauke ajiyar zuciya wadda bai iya ɓoyewa ba.

"Baɗi ta me?" Lea ta ce. "Ke kaɗai ke koyarwa a tsaunin? Za mu zo mu duba ƙafarki, in kawo miki yaji da dambu. Ki nemo mini ajin sababbin shiga, ki zauna ta taga da ubanki ku kalle ni."

Haka kuwa aka yi. Ranar tafiya ita ta tuƙa, don ba ta yarda da birkin Yunana a kan ƙanƙara ba. Suka ɗauki Aminci da sandunan dogarawarta a makaranta, suka kwana a wani ƙaramin masauki a gindin tsaunin. Da safe aka ba Lea takalmi da allo daidai ita, aka haɗa ta da wata malama mai jan gashi da sauran 'yan koyo, galibinsu ba su kai rabin shekarunta ba. Malamar ta ce kowa ya nuna yadda zai faɗi. Lea ta dunƙule hannu ta zube kamar buhu, ta tashi. Malamar ta tambaya ko ta taɓa yi. Ta ce a falo.

Ranar farko ba ta yi mata da sauƙi ba. Dusar tsauni ta fi ta Clove Lakes sulɓi, juyawa ta gefen yatsu kuma ta ƙi ta ƙememe. Duk lokacin da ta juya baya ga gangara sai zuciyarta ta ce ta tsaya, allon ya harɗe ta, ta kife. Da yamma ba ta iya ɗaga hannu ta cire jaket ba sai da Yunana ya taya ta. Ya shafa mata man zafi a kafaɗa, ya ce in ta ga a bari, ba wanda zai ce ta gaza. Ta ce a tashe ta da wuri.

Washegari kafin azahar juyin ya zo mata. Ba ta san abin da ya canza ba, ta dai ji nauyinta ya koma ƙafar gaba, allon ya zagaya a hankali kamar bas a shataletale, ya dawo, ya sake zagayawa. Ta sauko ƙaramar gangarar daga sama har ƙasa ba ta taɓa dusa da hannu ba. Ta cikin gilashin ɗakin shan shayi ta hango Aminci na kaɗa sanda a sama, saura kaɗan ta kaɓe wa wani mutum hula.

Malamar ta zo ta tsaya kusa da ita, ta nuna kujerun da ke rataye a waya suna haurawa da mutane can saman tsauni. Ta ce yawanci sai rana ta uku take kai 'yan koyo, kuma sauka daga kujerar yana kayar da kusan kowa. Lea ta bi wayar da kallo har inda ta shige cikin itatuwa.

"A can sama akwai hanya mai sauƙi?"

Malamar ta ce akwai, doguwa ce amma ba ta da tsauri.

Lea ta sunkuya ta kwance ƙafar baya kamar yadda aka nuna musu, ta tura allon zuwa layi. Da kujerar ta zo ta buge ta a bayan gwiwa, ta zauna, ƙasa ta fara nisa. Allon na reto a ƙafarta ta hagu, iska na kaɗa kunnenta ta ƙarƙashin hula. Ta gyara tabarau, ta juya ga malamar da ke zaune a gefenta.

"To, faɗa mini yadda ake sauka. A hankali, ina jin ki."