Mafi Sawwag

Ƙanena Mahamadu tun yana rarrafe yake tuƙi, murfin tukunyar Gogo ne sitiyarinsa na farko. Ya yi kwandasta, ya ja bas, sai ga shi a Riyad yana kai leburori wurin aikin jirgin nan da ake ginawa. Ni ban gane jirgin ba. An ce na ƙasa ne, a unguwar Ulaya an ce yana cikin rami, can gaba kuma na ga hanyarsa a sama kan ginshiƙai.

A 2018 na biyo maigidana Badamasi, muka zauna a unguwar Jaradiya. Larabcina lokacin bai wuce sallama ba, sai sawwag, wato direba, don da shi ake kiran Mahamadu. Ginin ɓangarensu ya kusa ƙarewa, iƙamarsa ma, wato takardar zama, saura wata biyu. In kamfanin bai ba shi wani aiki ba, sai gida. Shi kuwa ya ƙwallafa rai shi zai ja jirgin.

Wata Juma'a ya zo cin tuwo, ya kira shugabansu a gabana kan maganar jan jirgin, ya buɗe murya. Na ji mutumin da kunnena yana cewa, "Mafi sawwag, Mahamadu, mafi sawwag."

Ai sai na rangaɗa guɗa. Mafi! Wato ya fi duk direbobi. Kafin ya kashe waya na tura wa Gogo can gida saƙon murya, na ce ta sanar da dangi. Na juyo na ga yaro ya yi tagumi, Badamasi kuma dariya har da ƙwarewa.

"Yaya Turai, mafi ɗinsu ba namu ba ne," in ji Mahamadu. "Babu yake nufi. Jirgin ba shi da direba."

Na tambaye shi to wa ke taka birki, ya ce kwamfuta. Na ce ita kwamfutar a ina take zama, ya ce in ƙyale shi ya ji da abu ɗaya. Tuwon ma bai ci ba. Gogo kuwa har ta raba goro a unguwa.

Kwana tara ba labari. Ran na goma suka kira shi. Wai za a gwada jirgin, ana son mai loda buhunan yashi a madadin fasinja, ya zauna tare da su ya ga ko za su zame. Aka sabunta masa iƙama.

Ya turo min bidiyo. Ga ƙanena a can gaba, daidai inda ya kamata sitiyari ya kasance, hannuwa a aljihu, gari na wucewa ta ƙarƙashinsa, buhuna a bayansa sun yi tsit. Na kalla ya fi sau ashirin, har yau ban ga mai jan abin ba.

Gogo ta kira tana tambaya ko da gaske shi ne a gaba. Na ce mata ƙwarai, kuma fasinjansa ko ɗaya bai taɓa yin ƙorafi ba.