Rigar Aro

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Alhamis, a filin makarantarmu ta firamare. Waɗanda ke benci na gaba su ne mai unguwa, da liman, da hedimasta, da Alhajin da ya fi kowa hatsi a ƙauyenmu. Maza na tsaye a bayansu. Mata suna leƙe ta bayan dangar kara. Ni kuma, ƙaramin malami, ina cikin aji ina sa riga.

Shekara ta biyu ke nan da fari. Gero ya ƙone a tsaye, kuma rabin garin daga rumbun Alhaji yake ci, har da ni.

Bari in bi abin daki-daki. Hedimasta ne ya zo da wani tsohon wasan kwaikwayo da ya karanta a kwalejin horon malamai, ya mayar da shi Hausa. Labarin gidan wani mai arziki ne da suka kori wata mai yi musu aiki, ta lalace, kowa a gidan da nasa kason laifin. Ba a yarda mace ta fito wasa ba, don haka wani malami ya yafa gyale ya zama ita. Ni aka ba mai arzikin saboda tsayina. Babbar riga kuwa ba ni da ita.

Maƙwabciyata bazawara ce mai 'ya'ya huɗu. Surfe take yi a gidan Alhaji, a biya ta da dusa da ɗan tsaba. Da wannan suke rayuwa. Na san marigayi mijinta ya bar riga, sai na je aro.

"Malam, zance za ka je ne da yunwar nan?" in ji ta.

"Taron makaranta ne, Yaya."

Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Ta fito da ita daga akwati, shuɗiya mai aska takwas, da ɗan ƙuna a kafaɗar hagu. Ban tambayi inda marigayin ya samo ta ba. Ashe kwancen Alhaji ce, wadda ya yi shekaru yana zuwa Juma'a da ita.

Ina fitowa fili kowa ya zuba wa rigar ido. Daga baya wani ya ce, "To, yau Alhaji sun zama biyu." Aka yi dariya kaɗan, aka haɗiye. A lokacin na tuna cewa bara Alhaji ya sallami wata mai daka saboda ta roƙi ƙarin dusa. Na ci gaba da faɗin abin da na haddace, ina korar mai gyale. Alhaji bai motsa ba. Kafaɗata kawai yake kallo.

Da aka tashi ya yafito ni.

"Malam, rigar ta zauna maka. A ina ka samu?"

"Aro na yi, ranka ya daɗe."

"A gidan wa?"

Na faɗa.

"Ashe ita ke kai muku labarin gidana."

Ga abin da ya kamata in ce: ba ta san komai ba, wasan daga littafi yake, ni na ɓoye mata. Maganar tana bakina. Amma na tuna buhun dawar da nake tsammani a wurinsa, da matata mai ciki, da cewa kalmarsa ɗaya za ta iya sa a ɗauke ni daga garin. Na dubi hedimasta, ya dubi takalminsa. Na yi shiru.

Kwana uku ina jiran a aiko kirana. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in ɗauka ni aka zo kira. Ba wanda ya zo. Hedimasta ya je ya ba da haƙuri, aka ce malamai ai yara ne, ya wuce. Dawata ma ta iso.

Maƙwabciyata kuwa tun ranar Asabar aka tare ta a zauren Alhaji, aka ce turmi ya sami mai shi. Ta katanga nake jin ƙaraminta yana kuka, ina cin tuwo a hankali don kada kwano ya yi ƙara. Na wanke rigar, na ninke, na ba matata ta kai. Ta dawo da ita a hannu.

"Ta ce ka riƙe, ta fi dacewa da kai."

Kafin damina ta kwashe 'ya'yanta ta tafi wajen wanta, can ɓangaren Zakirai. Ban raka ta ko bakin hanya ba, don kada a gan ni.

Rigar tana nan a akwatina, kuma ita nake tsoro idan aka yi maganar hisabi. Mai karatu, in kai ɗan wajen Zakirai ne, ka tambayi tsofaffin gidanku ko sun san wata mai surfe da ta zo a shekarun fari da 'ya'ya huɗu. In tana raye, ka gaya mata an tambaye ni kuma na yi shiru. In ta rasu, ka gaya wa 'ya'yanta su zo su karɓi rigar ubansu.