Rubutun Shan da Ya Kashe Min Alƙalami

Na zauna da safe in ƙarasa allon sunayen ango da amarya da za a kai Goronyo gobe, alƙalamina ya ƙi zubo ko ɗigo. Wanga mai lanƙwasasshen baki, da nake fitar da siririn layi da kakkaura da shi a ja guda. Ko Sakkwato ba ka samun irinsa.

Na kwance shi, sai warin gawayi da ƙaro. Tawadar allo! Ta daskare ciki kamar dutse.

Kawuna Malam yana zaure kan buzu, yana jan tasbaha.

"Kawu, mi kaz zuba ciki?"

"Tawadata mana. Taka ta Bature ai ba a shan ta. Rubutun buɗin kasuwa niy yi maka da alƙalaminka, na wanke, ga shi can ga kwano. Shanye, ɗana."

Ni da na tada sana'ar nan da hannuna, ba wanda ya ɗora ni, yau ga ni tsaye ina haɗiyar fushi, don ba a ɗaga wa kawu murya.

Na shanye. Aikin mutane yana nan rabi.

Jama'a, ku gaya min, wurin wa zan kai ƙara?