Ƙullin Kafur

Kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidanmu na Gumel yake kira Iya, ba ta tsoron mutuwa. Abin da take tsoro shi ne a yi mata wankan ganganci. Tun ina ƙarami na san likkafaninta a ajiye yake, tare da ƙullin kafur ɗin da kakanmu ya kawo mata daga Makka kafin ya rasu, guda shida, kowanne kamar ƙwayar sukarin shayi. Mai wankanta ma ta riga ta zaɓa, wato maƙwabciyarmu Inna, wadda ke wanke gawar mata a unguwar. Tare suka yi 'yanmatanci, kuma har suka tsufa goro ɗaya suke rabawa.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Iya ta tafi Sule Tankarkar jinyar goggona. Ta ce wata biyu za ta yi, sai ga shi ta cinye bazara biyu a can. Kafin ta tafi ta kai wa Inna likkafanin da kafur ɗin ajiya. Inna kuwa, don gudun gara, ta rataye su a ragaya can kusa da rufin kwano.

Ranar da aka dawo da ajiyar ina gida, na zo hutu daga makarantar horon malamai. Iya ta kwance ƙullin a gabanmu. Babu komai ciki sai ɗan ɓarɓashi kamar tsaki.

"Ko ɓera ne?" in ji Inna.

"Ɓeran da ya iya mayar da ƙulli?" in ji Iya.

"Wallahi hannuna bai taɓa shi ba."

Iya ta naɗe tsumman a hankali, ta ce, "To, Allah ya ji ƙan waɗanda aka wanke da shi."

Inna ta ja mayafi ta fita. Da la'asar Iya ta kira babana ta ce masa in ta mutu kada matar nan ta taɓa ta. Maganar nan ta tayar mini da hankali, don na san Iya ba ta faɗa ta janye, na kuma san ba hannun da take so a jikinta sai na Inna.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da kimiyya, ina neman wanda zan sauke wa. Na zauna bakin gadonta na fara. Na ce mata duk abin da ke duniya cikin hali uku yake, ko sandararre kamar kanwa, ko mai ruwa-ruwa kamar man gyaɗa, ko iska kamar tururin tukunya. Na ce kuma zafi yakan ɗauke abu daga wannan hali ya kai shi wancan.

"Maigidan," ta ce, don haka take tsokanata, "wannan ne aka kwashe ka shekara biyu ana koya maka? Wanda ake aunawa da kwano, da wanda ake ɗurawa a kwalba, da wanda sai hanci ya san da shi? Ai kowace mai tuƙa tuwo ta san wannan. Amma man shanu in ya narke yakan jiƙa tsumma. Duba nan. Ina jiƙon?"

Tsumman a bushe yake ƙayau, ko tabo babu. Na ce ai shi kafur ba ya bi ta ruwa, daga sandararre sai ya wuce iska kai tsaye.

"Wato ta bayan shinge yake bi, kamar 'yan fasa-ƙwaurin Maigatari," ta ce, ta juya mini baya.

Abin ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. A lokacin ba sulhun tsofaffin nake nema ba, so nake in kayar da ita. Ranar kasuwa na hau babbar mota zuwa Maigatari, na sayo kafur biyu wajen wani ɗan koli. Ɗaya na ba ta, ta ƙulle shi a tsumma da hannunta, muka rataye a ƙusa saman ƙofarta. Ɗayan na jefa a kwalba, na murɗe marfin tam, na aje a bakin tagarta inda rana ke bugawa. Iya ta nemo kwaɗo. Ko bayi za ta shiga sai ta kulle ɗakin, ta soke mabuɗin a haɓar zane, tana cewa ta san halin 'yan boko.

Kowace Juma'a sai ta miƙa hannu ta latsa ƙullin, ba ta kwancewa. Ta farko ta latsa ta wuce. Ta biyu ta ce tsumman ne ya saki. Ta uku kuwa ta kwance, ga kafur ya rame, gefunansa sun zagwanye, tsumma kuma a bushe. Na ɗauko mata kwalbar. Wanda ke ciki shi ma ya ragu, amma can sama a jikin gilashin wasu fararen 'ya'ya sun tsiro kamar gishiri. Na ce ya tashi ne bai sami hanyar fita ba, sai ya sake sandarewa inda ya fi sanyi.

Na zaci za ta ce aikin aljannu ne, har na shirya amsa. Sai ta yi ta jujjuya kwalbar, can ta tambaye ni a hankali, "To wanda ya sami hanya, ina yake zuwa?"

"Ya bi iska. Abin da ke kusa da shi kuma ya ɗauki ƙamshin."

Ta tashi ta buɗe akwati, ta fito da likkafanin da ba ta ko kalla ba tun ranar faɗan. Ta warware ninki ɗaya, ta kai hanci. Daga inda nake zaune na ji shi. Ta zauna da farin yadin a cinya.

"Ga shi nan," ta ce. "Na ci zalin baiwar Allah."

Nasarar da na yi mako uku ina jira ta zo, amma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Tausayinta ne ya kama ni. Ta ɗauki goro ɗaya ta fita ba takalmi. Ta kan katanga na ji Inna tana yi mata faɗa, faɗa na gaske, tana cewa shekara sittin ba ta isa a san mutum ba ke nan. Iya kuwa sai haƙuri take ba ta, abin da ban taɓa ji ba a rayuwata. Sai da aka kira magariba ta dawo, bakinta ja da goro.

Damina ɗaya suka ƙara tare. Bayan an yanke gero Inna ta kwanta, kwana huɗu ta cika. Aka rasa mai wanka a unguwa, Iya ta ce ita za ta yi, ta kuma aika a ɗauko nata likkafanin a sa wa Inna. Babana ya ce a bari ya yanko sabon yadi. Ta ce a'a, a ɗakin Inna ƙamshin ya shige shi, nata ne.

Bayan an dawo daga maƙabarta na same ta zaune da kwalbar nan a hannu. Na ce in na koma Maigatari zan sayo mata wani kafur ɗin, da yadi mai kyau, a rufe su yadda ba za su tashi ba. Ta miƙo mini kwalbar.

"Kai wa 'yan makarantarka su gani," ta ce. "Ni yanzu kowa ma ya wanke ni."