Juma'ar Tunanin Maijidda

A unguwarsu da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura, in aka ce Maijidda mai ƙuli an gama bayani. Tun tana amarya take suyar gyaɗa, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli, har ta aurar da 'ya'ya ba a taɓa ganin hannunta a zaune ba. Gidansu irin babban gidan nan ne na gado, sashe-sashe, wanda in ka yi atishawa a ɗakinka za a yi maka sannu daga zaure. A nan ta zama uwar kowa. Mai naƙuda ita za a kira, ma'auratan da suka saɓa ita za a kira, miyar da ta yi tsami ma ita ake tambaya yadda za a yi da ita. Ita kuma, gaskiya ɗaya ce, tana jin daɗin kiran.

Mijinta, Malam Jafaru, mai fataucin awaki ne. Ya ci kasuwar Mai'adua da ta Mashi har gwiwoyinsa suka soma ƙorafi. Mutum ne mai sanyin hali, bai iya yanke hukunci shi kaɗai ba kamar yadda sauran maza ke tinƙaho. Wata damina ya dawo daga gonarsa ta gado a wani ƙauye gaba da Zango, inda ɗansu Sabiru ke noma, ya zaunar da ita. Ya ce ya gaji da bin bayan awaki a motar kasuwa, yana so su koma gonar, ya yi musu ɗaki, ya dasa mangwaro, su ƙarasa abin da ya rage musu cikin natsuwa.

"Amma ba zan ɗauke ki kamar buhun gero ba," in ji shi. "Ki yi tunani. Ran da kika ce to, ran nan za mu tashi."

Maijidda ta ce za ta yi tunani, kuma har ga Allah da gaske take. A makon ne ma ta ji wata mata a rediyo tana cewa duk mai son rayuwarsa ta yi kan gado, to ya ware lokaci a kowane mako, ya zauna shi kaɗai, ya duba inda ya fito da inda ya dosa. Maganar ta shige ta. Ta zaɓi Juma'a bayan la'asar, ranar da ba ta hura wutar suya. Ta share gindin darbejiyar tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna, ta zuba tagumi.

Abin da matar rediyo ba ta faɗa ba shi ne a gidan da ake son ka ba a barin ka da tagumi. Ko numfashi biyu Maijidda ba ta ja ba, faccalarta Ummukulsum, matar ƙanen Malam Jafaru, ta taho da sauri ta janye mata hannu daga kunci.

"Haba Yaya, tagumi da ranar Juma'a? Wa ya mutu?"

Ta ce ba kowa, tunani take yi. Ai kuwa sai ta ƙara ɓata lamarin, don a wajenmu mai tunani da mai ciwo ɗaki ɗaya ake kwantar da su. Kafin magariba matan gida sun cika tabarmar. Wannan ta kawo fura, waccan ta kawo labarin wata da tunani ya sa mata hawan jini. Da suka tabbatar ta sake, sai kowacce ta kwance tata damuwar ta ajiye mata, tunda ga ta a zaune.

Juma'ar da ta zagayo ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Aka ce fushi take, aka turo tsohuwar gidan bin ba'asi. Ta gwada riƙe carbi, sai mata suka riƙa zuwa a sa su a addu'a, kowacce da bayanin buƙatarta tiryan-tiryan. Kafin a sha biki biyu, zaman Juma'ar Maijidda ya shahara a unguwa. Mata har daga wasu lunguna suke zuwa, don an ce ranar ce take ware wa jama'a. A tabarmar nan aka tsara auren 'yan mata, aka shirya wa wata yadda za ta koma makarantar manya, aka nuna wa wata sana'ar da za ta kama. Rayuwar kowa ta yi kan gado. Tambayar Malam Jafaru ce kaɗai ba ta taɓa samun wuri a tabarmar ba.

Shi dai bai matsa ba. Duk faɗuwar damina yakan tambaya sau ɗaya, cikin murmushi, ko an gama tunanin. Ta ce saura kaɗan. Ya ce ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Bai taɓa ƙarasa karin maganar ba, ita ma ba ta ƙarasa masa ba. A tsakanin nan ya yi ɗakin, ya rufa shi da kwano, ya dasa mangwaron. Yakan je ya kwana biyu ya dawo, ya ba ta labarin tsawon da itatuwan suka yi, tana saurare da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen mai sallama a ƙofa.

Shekarar da mangwaron ya fara 'ya'ya, ya kawo mata a buhu. A shekarar ne ya kwanta, jinyar da ba ta yi tsawo ba, Allah ya karɓi abinsa.

Maijidda ta shiga takaba. Da aka watse daga zaman makoki, Juma'a ta zo, la'asar ta yi, ta fito gindin darbejiya ta zauna, hannunta ya tafi kunci da kansa. Ummukulsum ta hango ta, ta yunƙura kamar za ta taso, sai ta koma ta zauna, ta ce wa sauran mata su ƙyale ta. A karon farko gidan ya yi mata shiru.

Sai ta ɗauko tambayar, ta juya ta. Tana son gidan nan, amma gidan zai rayu ba ita. Tana son mutumin da ya tambaye ta, ta kuma so zama da shi inda ba mai sallama. Ke nan amsar to ce. Tunanin da ta yi shekaru tana nema wa lokaci bai kai tafasar ruwan shayi ba. Nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kukan baƙin ciki da haushin kanta, ba wanda ya zo ya hana ta.

Tana fita takaba ta aika wa Sabiru ya zo da mota. Ta bar wa Ummukulsum kaskon suya, ta ɗauki tabarmarta da kayan sawa. Yanzu tana can gaba da Zango, a ɗakin da aka yi domin mutum biyu. Ran Juma'a bayan la'asar takan zauna a inuwar mangwaro, lokaci ga shi nan har ya yi mata yawa.

A Daura kuwa har yau matan gidan ba su daina mamakinta ba. In zancen ya taso, Ummukulsum takan girgiza kai ta ce, "Yaya ta yi gaggawa. Babbar magana irin wannan, ko zama ba ta yi ta yi tunani ba."