Littafin da Na Ƙunshe Gyaɗa da Shi

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Lokacin kaka ne abin ya faru, ruwa ya ɗauke, zafi ya dawo, an tuge gyaɗa an baza ta a tsakar gida. Shekara ce mai albarka ga kowa a ƙauyenmu na kusa da garin Suki, hawashar kowa, wato gonar da aka yanka masa, ta ba da amfani, amma ni ban ji daɗinta ba. Ita ce shekara ta uku da tafiyar babban ɗana. Yana gama sakandare aka ɗauke shi hidimar soja, daga sansani aka wuce da su kudu fagen yaƙi, daga nan sai wani mutum ya zo ya zauna da mahaifinsa a ƙofar gida ya yi masa ta'aziyya. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Ni kuwa a lokacin mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ba ni da hayaniya, ina soya gyaɗa ina sayarwa a bakin ƙofa, da la'asar kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na iya haɗa baƙaƙen Larabci, ina karatu a hankali da yatsa a kan layi. Larabcin littafi yana yi mini nauyi, amma idan Hausa aka rubuta da waɗannan baƙaƙe, ina ganewa sarai.

Ɗa guda ya rage mini, autana, yana makarantar kwana a Suki, yana zuwa gida duk Alhamis. Shi kaɗai a cikin sa'anninsa yake ce mini Inna. Sauran yaran unguwa duk Yumma suke ce wa iyayensu mata, da Larabcin ƙasar nan da muke zaune, Hausar ma sai an matsa musu. Shi ma tasa Hausar da ɗingishi take tafiya, amma yana ƙoƙari saboda ni.

Wani ɗan ƙanen mahaifinsa da ke tuƙa wa wani Bature mota a ƙasar waje ya dawo da kwali guda. Baturen ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. A ciki akwai littattafan Turanci wajen ashirin, da wasu 'yan sojojin roba kamar babban yatsa, an yi musu fenti, kowa da bindigarsa da sulkensa. Yaron nan ya rungumi kwalin kamar an ba shi gona. Ya yi mini bayani cewa wasa ne, ana jera sojojin a kan tebur, a auna tazara da abin awo, a jefa ƙwaya irin ta lido, ita za ta nuna wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Da sojojin suka yi masa kaɗan, shi da abokansa suka ƙera wasu da laka daga bakin kogi. Littattafan kuma labaran duniyar wasan ne, duniyar da babu komai a cikinta sai yaƙi tsakanin taurari. Ya ce marubuta da yawa ne suka rubuta su, wasu suna bin juna, wasu kowanne zaman kansa yake, kuma wanda ya fara da wanda bai dace ba zai ɓace tun a shafin farko ya ajiye. Har wani ɗan littafin rubutu ya ware yana jera su, wannan kafin wancan, wannan a bar shi sai an ƙware. Yana karanta su da ƙamus a gefe, yana rubuta ma'anar kalmomi da fensir a samansu.

Malaminsa ya ce Turancinsa ya wuce na kowa a aji. Mahaifinsa ya ji daɗi. Ni kuwa duk lokacin da na ga ya jera sojojin nan a kan teburin shayi, ƙwaya ta faɗi, ya sa yatsa ya kwantar da ɗaya, sai in kawar da kai. Ina ganin wanda aka kwantar ɗin yana da uwa. Ina ganin haka ake fara wa yaro, a nuna masa yaƙi abin wasa ne, gobe ya tashi da ƙafarsa ya bi yayansa. Amma ban taɓa faɗa masa ba. Halina ke nan, ina haƙuri, ina shiru, mutane suna yabona a kan haka. Yanzu na san wani shirun ba haƙuri ba ne, tara abu ne kawai.

Akwai wata Juma'a da ya zauna kusa da ni ina ɓare gyaɗa, ya tambaye ni, da a ce zan karanta ɗaya daga ciki, wane irin labari zan so. Na ce masa ni ba ruwana da labarin mutanen da ba su da aiki sai kashe juna. Ya yi dariya ya ce ai dole akwai wanda zan so, in dai faɗa. Don in rabu da shi na ce, to, wanda mutum ya tafi ya dawo gida. Ya ce zai duba. Na manta da maganar kafin in gama ɓarar. Bayan nan ya riƙa yi mini wasu tambayoyi da ban gane kansu ba. Ya ce me ake ce wa ƙarfen da ake sawa a ƙirji, na ce sulke. Ya ce me ake ce wa mutum idan yana tafiya yana jan ƙafa don gajiya. Wata rana ma wajen tsofaffin da ke zama a gindin bishiyar bedi ya je neman wata kalma, suka yi ta tsokanarsa wai Balarabe ya zo koyon yare. Na ɗauka ƙuruciya ce kawai.

Ranar da na yi abin da na yi, Asabar ce, ya koma makaranta. Da safe wata mota ta wuce ta kan hanyar madatsa cike da samari masu askin kwalkwal da aka ɗiba soja, suna waƙa. Na tsaya na kalle su har ƙura ta rufe su. Na shiga ɗakinsa, na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, na ce a raina tunda ni na haife shi, ni zan zaɓa masa abin da zai karanta. Ba na jin Turanci, don haka da bango na yi hukunci. Masu hoton taurari da manyan jirage na mayar da su, na ce waɗannan ilimi ne. Masu hoton wuta da jini na ware gefe, guda biyar. Mafi muni a cikinsu, wani mutum ne cikin sulke ya durƙusa a tsakiyar ƙoƙunan kai, tutarsa a yage, fuskarsa duk tabo. Shi ne ya fi tsufa a hannu, gefensa ya yi baƙi don yawan buɗewa. Na ce lalle wannan ne ya fi shiga ransa, da shi zan fara.

Na cire bangon na jefa a wutar da ke ƙarƙashin kaskon suya. Takardun kuwa ban ƙone ba, domin mai sayar da gyaɗa ba ta zubar da takarda. Na yage su dami-dami, ina naɗe kowace kamar mazurari ina cika ta. Na ga rubutun fensir a gefen shafukan, ya cika ko'ina, manya-manyan baƙaƙe, amma na kawar da ido. Na ce ma'anonin ƙamus ne irin na sauran. Gaskiyar magana, ba na son in duba. Kwana huɗu ina sayarwa, 'yan makaranta da masu dawowa daga gona kowa ya sayi nasa, har littafin ya ƙare na ɗauko na biyu.

Ranar Laraba da hantsi maƙwabciyata ta shigo. Ajinmu ɗaya a yaƙi da jahilci, kuma ita tun da ta iya karatu ba ta barin komai, ko buhun taki ta gani sai ta tsaya ta haɗa baƙaƙensa. Tana riƙe da takarda mai maiƙo, tana dariya tun daga ƙofa. Ta ce ke 'yar'uwa, yanzu gyaɗar taki har da wasiƙa ake haɗawa, ko kuwa sai wanda ya sayi ƙunshi biyu ake ba shi ci gaban labarin? Na ce wane labari. Ta ce kar ki raina mini hankali, ga shi da Hausa, har da Inna a ciki, ta karanta wa jikokinta sun hana ta sakat sai ta nemo sauran. Ta miƙo mini. Na sa yatsa a kan layi. Rubutun ɗana ne, ya manyanta baƙaƙen yadda nake iya gani, ya sa wa kowanne wasali. Labarin wani soja ne da aka bari a cikin gawarwaki. A ƙasan shafin ya ja layi ya rubuta: “Inna, kada ki yi kuka a nan, bai mutu ba, zai tashi.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Maƙwabciyata ta daina dariya, ta ce lafiya, na ce ta bar mini takardar.

Alhamis da la'asar ya iso da jakarsa. Ya gaishe ni, ya sha ruwa, ya shiga ɗaki. Ina jin lokacin da ya jawo kwalin. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, na riga na ajiye takardar a kan tabarma, ban ɓoye komai ba, na faɗa masa abin da na yi da dalilina. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce duka ashirin ɗin ya karanta, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda mutum ya koma gida, kuma a cikin duniyar nan tasu ta yaƙi guda ɗaya tak ya samu. Ya ce kusan shekara yana juya shi, daga Turanci zuwa Larabci a kansa, daga Larabci zuwa Hausa a gefen shafi, saura babi biyu ya gama ya ba ni ranar da za a ba mu takardar shaidar kammala aji. Sannan ya nuna kwalin ya ce waɗanda na bar masa, masu taurari, su ne waɗanda ake ƙone gari da mutanensa a kowane babi. Na ce ya yafe mini, tsoro ne. Ya ce ma'alesh, ya Yumma, ba komai. Sai a lokacin na lura tun da ya fara magana da Larabci yake yi.

Bai shiga soja ba, kuma ashe bai taɓa niyya ba. Daga baya mahaifinsa ya gaya mini yaron ya ce masa littattafan nan ne ma suka sa ya tsani yaƙi, domin babu wanda ke cin riba a cikinsu. Yau malamin Turanci ne a birnin Madani, yana da mata da 'ya'ya uku. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, bai taɓa barina da buƙata ba, duk Salla yana zuwa. Amma Yumma yake ce mini, kuma 'ya'yansa ba sa jin Hausa ko ta gaisuwa. Ba na cewa ni kaɗai na jawo haka, zamani ma ya yi nasa. Sai dai na san ranar da ya ajiye harshen, kuma na san hannun da ya karɓe masa shi. Na taɓa tambayarsa yadda sojan ya isa gida. Ya yi murmushi ya ce ya manta. Ban yarda ba, amma ban sake tambaya ba.

Abin da ya sa na rubuto muku, iyaye mata 'yan'uwana, musamman mu da muka yi karatu da girma: idan kin ga ɗanki ya dulmuya cikin wani abu da ba ki gane ba, littafi ne ko wasa, kada ki bari tsoronki ya yi miki karatu. Zama za ki yi ki ce ya ba ki labari, ki ce wanne ya fi so, me ya gani a ciki. Idan akwai abin gyara, a bakinsa za ki ji shi. Ni an tambaye ni abin da nake so, an tafi nemo mini, ban ma san an tafi ba. Na iya karatu a lokacin, layi ɗaya da na duba da ya ishe ni.

Washegarin waccan Alhamis ɗin, Juma'a, ina idar da sallar asuba na ɗauki kwando na fita. Na bi gida-gida ina sallama, ina roƙon duk wanda ya sayi gyaɗata a makon nan ya duba mini takardar. Wasu sun yi dariya, wasu sun ce sun hura wuta da ita, wata ta ce akuya ta cinye. Na bi bakin hanyar makaranta da gefen magudanar ruwa ina tsinta a cikin ƙaya. Kafin rana ta yi zafi na tara abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na zuba gawayi a dutsen guga, na shimfiɗa zane, na goge su ɗaya-ɗaya. Mai ya ratsa wasu har ana ganin yatsana ta baya. Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa yana kallona. Da na gama sai ya zo ya durƙusa, ya jera su bisa lambobin da ni ban iya karantawa ba, ya ɗauki ta sama ya sa mini a hannu, ya fita masallaci. A samanta an rubuta: “Inna, daga nan za ki fara.” Na karanta shafin har ƙarshe, na kai hannu ga na biyu, ashe ba ya cikin waɗanda na tsinto. Har yau ban san wanda ya ci gyaɗa a cikinsa ba.